Ku Tambayi Gwaggo Malama: Yaron da ke gudu in hadari ya haɗo

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na zaɓo wannan watan. Ta farko ce ta cinye mana fili, don sai da na karanta ta sau uku kafin hannuna ya iya riƙe biro.

TAMBAYA: Gwaggo Malama, barka da ƙoƙari. Ni malamin aji huɗu ne a wata firamare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Akwai wani yaro a ajina ɗan shekara goma, wanda a da ba ya wuce na ɗaya ko na biyu. A daminar bara ruwa ya shigo garinmu cikin dare, ɗakin da suke kwana ya rufta. An zaro shi da rai, ƙanwarsa kuwa Allah ya yi mata cikawa. Sun yi wata biyu suna gudun hijira a cikin azuzuwan makarantar nan tamu kafin su koma gida. Tun daga nan yaro ya sauya. Ba ya magana, barci yake a aji, abin da ya iya ma ya zube. Da aka fara ruwan bana, hadari na haɗowa sai ya haura taga ya gudu. Ran nan har fitsari ya saki a wando, yara suka laƙaba masa suna. Hedimasta ya ce taurin kai ne, in sa masa bulala. Na zane shi sau biyu, ban ga canji ba, sai ma ya daina haɗa ido da ni. Kakarsa ta ce iska ce ta shafe shi a ruwa, ana ta kai shi ruƙiyya. A Kwalejin Ilimi ta Gumel an koya mana ilimin halayyar yara, kuma ina jin ana cewa jami'o'i na bincike a kan irin wannan. To amma Gwaggo, yara 90 gare ni, rabinsu a ƙasa suke zama. Binciken nan yana da abin da zai tsinana wa irina, ko na 'yan birni ne?
Wani malami, daga Auyo.

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya sa mai ceton iyayenta ce. Kai kuma Allah ya yi maka albarka. Malamin da ya lura cewa yaro ɗaya cikin 90 ya daina kallonsa, zuciyarsa na cikin aikinsa.

Ka rataye bulalar nan tukuna. Firgici ne ke cin yaronka. Allah ya halicci kowane jiki da mai gadinsa a ciki. Da zarar wani abin tsoro ya taso, gaba ya faɗi, numfashi ya yi sama, ƙafa ta ɗauki gudu tun tunani bai iso ba. Ga yawancin mutane, in abin ya wuce mai gadin nan sai ya koma ya zauna. Ga wasu kuwa, musamman wanda ya ga mutuwa ido da ido, ƙin zama yake yi. Ƙamshin ƙasar da yayyafi ya taɓa, duhun gabas, rugugin tsawa, kowanne sai jikin ya ɗauka daren nan ne ya dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Lokacin da yaron nan ke haura taga, ba daga gare ka yake gudu ba, daga rufin da zai faɗo masa yake gudu. Ka kuma tuna a cikin azuzuwan nan ne ya yi wata biyu yana jin kukan mahaifiyarsa. Barcin da yake yi da rana, ka tambayi mutanen gida yadda darensa yake, zan yi mamaki in ba su ce yana farkawa da ihu ba. Karatun da ya zube kuma yana nan bai ɓata ba. Kan da ke tsaron ƙofa dare da rana ne ba shi da sararin riƙe lissafi.

Ina faɗa maka wannan da ciwo a raina, don na taɓa yin abin da ka yi. A shekarun farko na koyarwata, a wata makarantar ƙauye, akwai yarinya mai kaifin kai da ta koma zuwa aji ba ta buɗe littafi. Na sa ta durƙuso a rana fiye da sau ɗaya. Sai daga baya na ji mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, kuma ita ke goyon jaririn da dare. Kafin in ankara ta bar makaranta ta ɗauki farantin talla. Shekaru bayan haka, da na koma ƙaro karatu a Jami'ar Bayero aka zo darasin yadda rashi ke taɓa yara, fuskarta ce ta tsaya mini a gaban allo. Har yau ina nema wa kaina gafara a kanta. Kai yaronka yana nan a gabanka, ba ka makara ba.

To, batun bincike. Yana da amfani, kuma mafi yawan wanda zan kawo maka ba a cikin manyan makarantun masu kuɗi aka yi shi ba.

Fara da bulala. Wasu malaman jami'a biyu daga Kanada, Victoria Talwar da Kang Lee, sun gwada yara 'yan shekara uku zuwa huɗu a makarantu biyu na wata ƙasa a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka ajiye abin wasa a bayan kowane yaro, aka ce kar ya waiga, aka fita. Yawancinsu sun waiga, a nan da can. Da aka dawo aka tambaye su, a makarantar da ba a duka rabi da 'yan kai ne suka yi ƙarya. A wadda ake duka kuwa kusan dukkansu suka ƙaryata, kuma sun fi iya gyara ƙaryar. An buga wannan a 2011. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff ta Jami'ar Texas da abokin aikinta suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga yawan duka yana tafiya ne tare da ƙarin faɗa, ƙarin damuwa da raguwar shaƙuwa tsakanin yaro da mai dukansa. Wannan a kan lafiyayyun yara ke nan. Ina ga wanda dama a firgice yake?

Za ka ce aji mai mutum 90 ba ya riƙuwa sai da tsumagiya. A gundumar Luwero ta Yuganda an ɗauki firamare 42, aka horar da malaman rabinsu a kan hanyoyin ladabtarwa ba da duka ba, aka bar rabin yadda suke. Bayan shekara ɗaya da rabi, yiwuwar malami ya doki yaro a makarantun da aka horar ta ragu da kashi 42 cikin 100. An buga sakamakon a 2015. Malaman nan irinka ne, da alli da allo da cunkoso.

Wanda ya fi kusa da matsalarka shi ne na Zambiya. Laura Murray ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun ɗauki yara 257 a Lusaka, marayu da waɗanda suka ga tashin hankali. Mutanen unguwa aka koya wa aikin, waɗanda ba likitoci ba, suka riƙa zama da yaran mako-mako. Alamomin firgici sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100 a wajen waɗanda aka yi wa wannan zama, sauran kuwa da kashi 21 kawai. Me suke yi a zaman? Suna fahimtar da yaro da mai riƙonsa cewa abin da yake ji ba hauka ba ne. Suna koya masa kwantar da numfashi da faɗin sunan abin da ke ransa. Daga ƙarshe, sannu a hankali, su taimaka masa ya ba da labarin abin da ya faru har ya daina ƙona shi. Wannan na ƙarshen yana buƙatar horo, don haka kar ka tsare yaro ka ce sai ya ba ka labarin daren. In ya kawo da kansa, ka saurara, kar ka katse shi. Na farkon biyu kuwa suna hannunka tun gobe.

Ka same shi shi kaɗai lokacin tara, ka zauna daidai tsayinsa, ka ce masa ka doke shi ne ba ka san abin da ke damunsa ba, kuma ba za ka ƙara ba. Girmanka ba zai zube ba. Ka dawo da shi gaba kusa da ƙofa, inda zai ga hanyar fita, don wanda ya san ƙofa a buɗe take bai cika haura taga ba. Ku yi yarjejeniya: in ya ji abin ya taso, ya ɗaga hannu ya fita baranda shi da aboki ɗaya da ya yarda da shi. In gabas ta fara duhu, kar ka jira. Ka ba shi aiki, ya tattara alli ko ya rufe tagogi, ka kuma sa duk ajin su yi abin da nake kira shan koko: kowa ya riƙe kofi a zuci, ya shaƙi ƙamshinsa ta hanci, ya hura a hankali ta baki har ya huce, sau biyar. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Na ce duk ajin, saboda ruwan nan ba gidansu kaɗai ya shiga ba. A cikin 90 ɗin nan akwai masu ɗauke da irin kayansa, sai dai nasu bai yi ƙara ba, musamman 'yan matan da ke can baya shiru. Sunan da aka laƙaba masa kuwa, ka kashe shi a ranar da ka karanta wannan. Ka kira manyan ajin da monita ka ɗora musu amanar.

Sai gida. Ka je bayan la'asar ka gai da mahaifinsa. Yara kan ɗora wa kansu laifin mutuwar da ba su da hannu a ciki. Mai yiwuwa yaron nan yana kwana yana tashi da tunanin da ya riƙo hannunta da ba ta mutu ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. A wurinmu in an yi rashi manya ake yi wa gaisuwa, yara a kora su waje wasa. Ka roƙi uban ya zaunar da shi ya faɗa masa da bakinsa: ba laifinka ba ne, kwananta ne ya ƙare, kuma mun gode wa Allah da ya bar mana kai.

Kar ka yi jayayya da kaka. Tana neman lafiyar jikanta ne ta hanyar da ta sani, kuma addu'a ba ta taɓa zama kishiyar magani ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, tare da iyalai da masu maganin gargajiya ya yi aikinsa, duniya kuma ta yaba. Ka roƙe ta kowane dare ta zauna a bakin shimfiɗarsa, ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a tafinta ta shafe shi, yadda Manzon Allah (SAW) yake yi wa kansa in zai kwanta. Ga addu'a, ga hannun wanda yake ƙauna a jikinsa a daidai lokacin da tsoro ya fi kama shi. Abin da za ka tsaya tsayin daka a kai shi ne kar a kai shi inda ake duka, ko hayaƙin barkono, ko a danne shi ana daka masa tsawa. Yaron da gini ya danne, ƙarti su sake danne shi, ƙara masa ciwo ne. Ka tuna mata da ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi (SAW) ya riƙa tambayarsa: ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi? Tsuntsu ke nan. Wannan ƙanwarsa ce.

Akwai inda aikin ya fi ƙarfinka. In yana faɗuwa ya sandare, ko ya ƙafe ido a kira shi bai ji ba, a duba farfaɗiya, tana da magani. In ya fara maganar gara ya mutu, ko zango guda ya wuce ba sauƙi, a kai shi babban asibitin Haɗeja a nemi takardar turawa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hedimasta kuwa, ka same shi a ofis ba a gaban malamai ba, ka ce ya ba ka zango ɗaya ka gwada.

Ka tambaya ko irinka na da abin yi. Emmy Werner ta Jami'ar Kalifoniya ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu natsuwa. Da ta duba abin da ya haɗa su, sai ta riƙa cin karo da wani babba guda da ya riƙe su da gaske: kaka, ko yaya, ko maƙwabci, sau da yawa kuma malamin makaranta. Ka rubuto mini bayan kaka in ji yadda kuka ƙare da damina.

TAMBAYA: Gwaggo, 'yata ta fari ce, shekararta 15, tana makarantar kwana. Ta dawo hutu ta rame, ba ta cin abinci, ba ta zuwa ko gidan biki, sai kuka a ɗaki da ciwon kai. Sau uku muna sayen maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro a kemis. Babanta ya ce a cire ta a yi mata aure ko hankalinta zai kwanta. Ni kuma kin san 'yar fari, ba na iya zama da ita.
Wata uwa, daga wani ƙauye a Kibiya.

AMSA: 'Yar'uwa, a daina sayen magani a kemis haka nan. Ku je asibiti a auna jininta, don ƙarancin jini yana sa 'yan mata kasala da ciwon kai. In an duba ba a ga komai ba, to abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan matsaloli kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Yaranmu ba su cika cewa "raina a ɓace yake" ba. Kai ko ƙirji ko ciki suke nunawa.

Yana warkewa. A Jami'ar Ibadan, inda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, an gwada ɗalibai 40 na sakandare masu wannan ciwo. Rabinsu aka riƙa zama da su a rukuni sau ɗaya a mako har mako biyar, a cikin makaranta, ana fahimtar da su ciwon, ana mayar da su kaɗan-kaɗan ga ayyukan da suke jin daɗi a da. Suka fi sauran samun sauƙi a fili. An buga shi a 2016. Don haka kar a bar ta ta wuni a ɗaki, kar kuma a yi mata gorin lalaci. Yau ta raka ki ɗebo ruwa, gobe ƙawarta ta zo su yi tsifa.

Alkunya tarbiyya ce, ban ce ki yar ba. Amma dole a sami bakin da za ta yi magana da shi. Ƙanwarki, ko gwaggonta, ko wadda ta yaye ta. Ta zaunar da ita kitso, don magana ta fi fitowa in ba a kallon ido. Ta tambaye ta makaranta: manyan ɗalibai na cin zalinta? Akwai wani namiji, ko wane ne shi, da ya taɓa ta ko ya tsorata ta? Ta kuma tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ta ce e, asibiti a ranar, kar a bar ta ita kaɗai. Tun yau ma ki kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga inda hannunta zai kai.

Maigida kuma a gaya masa da ladabi, ta bakin wanda yake jin nauyi: aure ba ya maganin wannan. A kai yarinya gidan wani da ciwon da ba a gano ba, ga miji ga dangin miji ga ciki, nauyi ne a kan nauyi. A nemi lafiyarta tukuna.

TAMBAYA: Gwaggo, ina shekarar ƙarshe a fannin ilimi a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Ina son rubuta kundina a kan lafiyar tunanin ɗalibai, amma duk littattafan da na samu a kan yaran Turai da Amurka suke.
Wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, abin da ka gani haka yake. Wani masani, Jeffrey Arnett, ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam a 2008, aka tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi binciken a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, alhali ƙasashen nan kashi 12 ne kacal na mutanen duniya. Yaron da ke kiwo da safe, ya je boko da hantsi, ya je allo da yamma, ba ya cikin littattafan nan. Almajirin da ya bar uwarsa yana shekara bakwai ma haka.

Roƙona gare ka, kar ka kwafo takardar tambayoyi da Turanci ka raba wa 'yan aji shida su yi ta caka biro. Ka fara da jin kalmomin da yara da iyayensu ke amfani da su: tunani ya yi mini yawa, gabana na faɗuwa, zuciyata ta yi baƙi. A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya gina aikinsa a kan kalmar mutanensa mai nufin yawan tunani, ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya nuna abin yana aiki. Ka nemi izinin mai unguwa da iyaye da su yaran kansu, ka ɓoye sunayensu, kuma ka san inda za ka tura yaron da ka tarar yana cikin hali kafin ka yi tambayar farko. In ka gama, ka rubuta shafi biyu da Hausa ka kai wa malaman da suka ba ka lokacinsu.

In kana neman wurin farawa, ka sake karanta wasiƙar farko ta wannan fili. Yara 90 da ruwa ya kora daga gidajensu, da malamin da ke son a taya shi. Auyo maƙwabciyarku ce. Ka rubuto ta hannun edita, in malamin ya amince sai in haɗa ku, ka yi ƙoƙari ka je kafin ruwa ya yanke hanya.